Gyaran dokar NCC ta 2003: me ake son taɓawa, kuma ina ruwan mai waya a hannu?

Maganar yi wa Dokar Sadarwa ta Najeriya gyara ta daɗe tana yawo, wannan minista ya faɗa ya tafi, wancan ya zo ya maimaita, a 2025 ma kwamitin sadarwa na Majalisar Wakilai da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, sun zauna a Legas musamman don bitar dokar bayan ta shekara 22 tana aiki. Amma in ka saurari yadda mutane ke maganar sai ka ga kowa da abin da ya fahimta. Wani ya ɗauka da an gyara shikenan data za ta sauko, wani yana cewa ai dabara ce ta toshe wa mutane baki a soshiyal midiya, wani kuma bai ma san NCC daban NBC daban ba. Kowannensu akwai inda ya taɓo gaskiya, sai dai gundarin abin yana wani wuri, wato wa zai riƙe wane iko, kuma wa zai iya taka masa burki in ya wuce gona da iri.

## Doka daban, ƙa'ida daban, manufa daban

NCC ita ce ke ba kamfanonin waya da intanet lasisi, ta raba musu zangon da sabis ke bi ta iska, ta ba su jerin lambobi, ta amince da farashi, ta sa ido kan ingancin sabis, ta ci tara in an saɓa. Rediyo da talabijin ba nata ba ne, na NBC ne. NITDA tana ɓangaren bunƙasa fasahar zamani, sannan akwai NDPC da dokar 2023 ta kafa don kare bayanan mutane.

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Manufa ta gwamnati ce, minista ke tsarawa, tana nuna inda ake son zuwa amma ba a kai mutum kotu da ita. Doka ta majalisa ce, ita ta haifi hukumar ta shata mata iyaka. Ƙa'idoji kuma hukumar ce da kanta ke rubutawa bisa ikon da sashe na 70 ya ba ta, bayan ta ji ra'ayin jama'a, misali ƙa'idojin rajistar layi na 2011 da na ingancin sabis da aka sabunta a 2024. Wannan bambancin yana da muhimmanci saboda da yawa daga abubuwan da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, irin su saƙon talla da ba ka nema ba ko cire maka kuɗin wata waƙar kira da ba ka san lokacin da ka shiga ba, ba sa buƙatar a je majalisa, ƙa'ida ce kawai da aiwatarwa. Ana komawa majalisa ne in ikon kansa ake son ƙarawa, ko ragewa, ko a ɗauke shi daga wannan hannu a mayar wancan.

Shi gyaran ma iri biyu ne. Ana iya taɓa wasu sassa a bar saura, ana kuma iya soke dokar gaba ɗaya a kafa sabuwa a madadinta. Ko wanne aka zaɓa hanya ɗaya ce, karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti da zaman jin ra'ayin jama'a, karatu na uku, ɗaya zauren ma ya yi nasa, a daidaita in an samu bambanci, sai a kai wa shugaban ƙasa yana da kwana 30, in ya ƙi sa hannu majalisun biyu na iya tsallake shi da kashi biyu bisa uku.

## Yadda aka zo nan

Kafin GSM NITEL, kamfanin wayar gwamnati, ce ta mamaye fage, an kafa ta a 1985, kuma duk ƙasar layukan da ke aiki ba su wuce wajen 400,000 ba a ƙarshen shekarun 1990. Ita NCC ta girmi dokar da ake magana a kai, dokar soja mai lamba 75 ta 1992 ce ta kafa ta zamanin Babangida, sai dai ba ta da wani ƙarfi sosai a lokacin. Gwamnatin Obasanjo ta fitar da manufar sadarwa a 2000, a Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ta shigo 2003 da lissafin kira na daƙiƙa-daƙiƙa. To kamfanonin da suka zuba irin wannan kuɗi suna son tabbacin cewa ba za a wayi gari wani jami'i ya canza musu sharaɗi da baki ba, shi ya sa a Yulin 2003 aka soke waccan dokar soja aka kawo wannan ta yanzu.

A lokacin babu Facebook, babu WhatsApp, waya ta kira ce da tes. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150, kuma banki da kasuwa da makaranta da rajistar jarrabawa duk sun koma kan wannan layin. Nan masu son gyara ke kafa hujja. Masu cewa a bi a hankali kuma suna nuna cewa an rubuta dokar da faɗi, ba a ɗaure ta da wata fasaha guda ba, shi ya sa aka yi 3G da 4G a ƙarƙashinta, aka yi gwanjon 5G a Disambar 2021 inda MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne, har Starlink mai aiki da tauraron ɗan'adam ta samu lasisi ta fara aiki a Janairun 2023, duk ba tare da an canza harafi ɗaya ba. Tsoronsu shi ne da an buɗe dokar kowa zai kawo nasa buƙatun, a je neman ƙiba a samo rama.

## 'Yancin hukumar

Dokar ta tanadi kwamishinoni tara, shugaba, mataimakin shugaba wanda shi ke tafiyar da aikin yau da kullum, manyan kwamishinoni biyu masu cikakken lokaci, da wasu biyar. Shugaban ƙasa ke naɗawa Majalisar Dattawa ta tantance, wa'adi shekara biyar ana iya sabuntawa sau ɗaya. Sashe na 25 ya ce minista zai sanar da hukumar alƙiblar gwamnati a rubuce, kuma wajibi ne a kansa ya tabbatar ba a tauye 'yancinta ba.

A takarda kenan. Inda masu sharhi ke nuna rauni shi ne wajen cirewa, don shugaban ƙasa na iya cire kwamishina bisa dalilan da dokar ta lissafa ba tare da komawa majalisa ba, saɓanin gwamnan CBN da dokar 2007 ta ce sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na sanatoci. A Oktoban 2023 an naɗa Aminu Maida a madadin Umar Danbatta alhali wa'adin Danbatta na biyu bai cika ba. Masu son a ƙara tsauri suna cewa shugaban hukumar da ya san kujerarsa na hannun mutum ɗaya da wuya ya ce a'a ranar da ya kamata ya ce. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa gwamnatin da aka zaɓa ita talaka zai tuhuma in sabis ya lalace ko farashi ya tashi, saboda haka bai dace a gina hukumar da ba mai iya juya ta ba. Duk ƙudirin da ya fito, layukan da suka shafi naɗi da cirewa da umarnin minista sun fi duk wata kalmar zamani da za a yi wa dokar ado da ita nauyi.

Kuɗi ma ɓangare ne na 'yanci. Hukumar na gudana ne da kuɗin lasisi da harajin shekara na kashi 2.5 cikin ɗari da manyan kamfanoni ke biya daga kuɗin shigarsu, kuɗin sayar da zango kuma asusun gwamnatin tarayya yake tafiya. In aka mayar da hukuma mai sa ido ta zama mai tara wa gwamnati kuɗi, lasisi zai yi tsada, kuma a ƙarshe mai sayen kati ne zai biya.

## Gona ɗaya, masu ita da yawa

Sashe na 90 ya ba NCC ita kaɗai hurumin duba gasa tsakanin kamfanonin sadarwa. Sai ga dokar gasa da kare masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ce a harkar gasa da haƙƙin mai saye ita ce gaba da kowace doka. A farkon 2025 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce FCCPC na da hurumin binciken kamfanin waya. Wani ƙudirin sabunta dokar NITDA da aka kai majalisar da ta gabata ya sha suka daga kamfanoni kan cewa zai sa su riƙa karɓar lasisi biyu su biya haraji biyu a kan aiki ɗaya. Rikicin bashin USSD, wato lambobin da ake dannawa a waya don tura kuɗi, tsakanin bankuna da kamfanonin waya ya ɗauki shekaru saboda banki na ƙarƙashin CBN kamfanin waya na ƙarƙashin NCC, ba mai iya tilasta wa ɗan gidan wani, a tsakiya kuma ga mai tura kuɗi da ƙaramar waya ana cire masa naira 6.98.

Sai jihohi. Tsarin mulki ya sa waya da zangon iska a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, amma ƙasa tana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978, kuma wayar faiba a ƙasa ake binne ta. An amince da naira 145 a matsayin kuɗin binne kowace mita ta faiba tun 2013, gwamnoni suka sake jaddadawa a 2020, wasu jihohin sun bi, wasu sun yafe gaba ɗaya, wasu suna karɓar ninkin-ba-ninkin. Ga kuma masu aikin titi, katafila ta zo ta yi haƙa ta datse faiba, unguwanni su wayi gari ba sabis, mai POS ya zauna yana kallon na'urarsa tana juyawa kwastoma na tsaye da kati a hannu. A 2024 shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, masu son gyara na so a shigar da wannan kariya cikin dokar kanta da hukunci bayyananne. Sai dai dokar majalisar tarayya ba za ta iya ƙwace ikon gwamna a kan ƙasa ba, nan dole sai da sulhu.

Akwai masu ganin maganin duk wannan shi ne haɗewa. Rahoton kwamitin Oronsaye na 2012 kan rage yawan hukumomin gwamnati ya ba da shawarar a haɗa NCC da NBC da ɓangaren sa ido na hukumar gidan waya NIPOST a zama hukuma ɗaya, kamar yadda Afirka ta Kudu ta yi da ICASA a 2000, Birtaniya kuma da Ofcom a 2003. Hujjarsu ita ce yanzu rediyo da talabijin da kira duk ta waya ɗaya suke shigowa. Masu adawa na cewa aikin NBC ya shafi abin da ake faɗa ne, wato siyasa, na NCC kuma injiniyanci ne da tattalin arziki, in aka gama su siyasar ce za ta rinjayi ɗayan.

## Ikon kashe sabis

Wannan ne ɓangaren da mutanen Arewa suka sani a jikinsu. Sashe na 148 ya ba hukumar dama, in an shiga halin gaggawa ko don tsaron jama'a, ta dakatar da lasisi, ta karɓe ikon kayan kamfani na wucin gadi, ko ta janye sabis daga jama'a gaba ɗaya ko wani ɓangare. Kalmomin suna da faɗi sosai.

A Mayun 2013 an kashe sabis a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. A farkon Satumban 2021 NCC ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a duk jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar, da farko an ce mako biyu, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka kusa wata uku a haka. Mutane sun riƙa shiga mota daga Gusau zuwa Funtuwa don kawai su buga waya ko su tura kuɗi, wani ya tattaro saƙonnin 'yan gidansu da maƙwabta a takarda, lamba da abin da za a faɗa, ya je ya isar ya dawo da amsa. Hukumomin tsaro da gwamnonin sun ce matakin ya katse hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu bayani da masu cinikin kuɗin fansa. Masu suka sun ce ƙauyen da aka kai wa hari ma ya rasa hanyar neman ɗauki, 'yan bindigar kuma sun nemi wasu hanyoyin. A shekarar ce dai aka toshe Twitter daga Yuni har Janairun 2022, kotun ECOWAS ta yanke a Yulin 2022 cewa toshewar ta saɓa doka.

Ba kowa ke cewa a soke ikon ba. Abin da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka fi nema shi ne a yi masa linzami, umarnin ya zama a rubuce a kuma wallafa shi, a faɗi yankin da dalilin, a yanka wa'adi, alƙali ko majalisa su duba kafin a sabunta, a bar lambar gaggawa tana aiki in zai yiwu. Indiya, wadda ta yi suna wajen kashe intanet, kotun ƙolinta ta ce a 2020 dole a wallafa irin wannan umarni kuma ba zai zama na sai-baba-ta-gani ba, daga baya aka sa iyakar kwana 15 ga kowane umarni. Ɓangaren tsaro kuma na cewa in sai an jira kotu to an ba maƙiyi lokaci. Ana iya haɗa biyun, a yarda da matakin gaggawa na 'yan kwanaki sannan tsawaitawa ta buƙaci amincewar wani da ba shi ya ba da umarnin farko ba. Gyaran da ya tsallake wannan sashe bai taɓa shi ba ya bar babban giɓi.

## WhatsApp da 'yan uwansa

Kamfanonin waya sun daɗe suna kukan cewa su ke kafa turaku su sayi dizal su biya lasisi, manhajojin kira da bidiyo na waje kuma suna hawa kan hanyarsu ba lasisi ba haraji irin nasu. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce ai saboda waɗannan manhajojin ne mutane ke sayen data, kuma data ce yanzu babbar hanyar kuɗin kamfanonin. Abin lura, tarar dala miliyan 220 da aka ci Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp da Facebook, a Yulin 2024 FCCPC ce ta ci, ba NCC ba.

Nan ne tsoron toshe baki ke da tushe. Sa wa manhaja dokar kare mai amfani da ita abu ne guda, ba hukuma ikon cewa a sauke wannan rubutu a bar wancan abu ne daban, kuma jimla ɗaya a cikin ƙudiri na iya haɗa su. A 2021 ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya nemi majalisa ta sa kafofin intanet ƙarƙashin NBC, 'yan jarida suka yi ca. Wanda zai karanta ƙudiri ya fara da shafin ma'anar kalmomi, in ma'anar mai ba da sabis ta yi faɗin da za ta haɗiye mai shafin labarai ko mai tashar YouTube, to lasisi ya iso kansu kenan ko da ba a ambace su ba.

## Farashi, tara, da inda za ka kai kuka

Sashe na 108 ya hana kamfani sa farashi sai NCC ta amince. Da shi hukumar ta ja wa Starlink kunne a Oktoban 2024 da ta ƙara kuɗi ba izini, da shi kuma ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba a Janairun 2025 bayan kamfanoni sun nemi kashi 100, suna kafa hujja da faɗuwar naira da tsadar dizal da cewa tun 2013 ba a taɓa farashin ba. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi barazanar zanga-zanga. Kamfanoni na so a sassauta, kasuwa ta yanke farashi hukuma ta sa baki kawai in babba na neman murƙushe ƙanana. Masu kare mai saye na so a bar sashen a ƙara masa sharaɗi, ba ƙari sai an yi zaman jama'a an nuna lissafi, kuma a ɗaure shi da ingancin sabis. Ko wanne ya yi nasara gyaran doka ba zai sauko da kuɗin data kai tsaye ba, don dala da wuta da haraji ne ke tuƙa shi. Abin da zai iya canzawa shi ne yadda ake yanke shawarar da kuma ko za ka ga lissafin.

Batun tara ma na buƙatar gyara ta fuska biyu. A 2015 an ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 kan layuka miliyan 5.2 marasa rajista, naira 200,000 kowane layi, aka yi ta ciniki har aka tsaya a biliyan 330 a 2016. Wasu sun ga hukuma mai haƙori, wasu sun ga tarar da ba ta da ma'auni tunda a teburin sulhu aka ƙare. A Mayun 2023 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin gidajen rediyo da talabijin tara, hukuncin da ya sa dole masu rubuta dokar kowace hukuma su fayyace wa ke tuhuma wa ke yanke hukunci. A yanzu wanda bai gamsu da matakin NCC ba zai nemi dalili a rubuce, ya nemi ta sake dubawa, sannan ya tafi Babbar Kotun Tarayya, shi ya sa wasu ke ba da shawarar kotu ta musamman mai sauri irin wadda Kenya ke da ita.

Shi kuwa mai layi ɗaya da aka cinye wa data, hanyarsa ita ce ya kira kamfani ya karɓi lambar ƙorafi, in ba a warware ba ya kira 622 kyauta, don tallace-tallace kuma ya tura STOP zuwa 2442. Matsalar ita ce tarar da aka ci kamfani ba aljihun mai layin take shiga ba. In dokar ta wajabta biyan diyya kai tsaye, a mayar maka da data ko kati duk lokacin da sabis ya ɗauke fiye da wani adadin awoyi, wannan zai fi kowane sashe taɓa rayuwar yau da kullum, kamfanoni kuma za su ce to a fara hukunta mai datse musu faiba da mai sace musu batir a turaku tunda ba duk ɗaukewar sabis ce laifinsu ba.

Mutumin ƙauyen da har yanzu sai ya hau tudu yake samun sanda ɗaya, nasa sashen shi ne na 114, wanda ya kafa asusun USPF don kai sabis inda kamfani ba zai je da kansa ba saboda ba riba. Abin dubawa a sabon ƙudiri shi ne ko an fayyace kason da zai riƙa shiga asusun, ko an wajabta wallafa sunayen garuruwan da aka yi wa aiki da nawa aka kashe, da kuma ko an buɗe wa ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin al'umma ƙofar samun lasisi mai sauƙi su kafa nasu. A zaman jin ra'ayin jama'a kamfanoni na zuwa da lauyoyinsu da ƙungiyoyinsu irin su ALTON da ATCON da takardu a shirye, kwamiti kuma na karɓar takarda daga kowace ƙungiya ko mutum, har da ƙungiyar masu POS ko ta 'yan kasuwar waya ko ta ci gaban gari, matuƙar ta isa kafin ranar da aka sanar.